Kafin ka biya kuɗin fiksinka na farko, tambayi inda birkin yake

Hoton da mai sayarwa zai nuna maka kusan kullum iri ɗaya ne: keke siriri, tas da shi, ba waya ko ɗaya a jikinsa, kansa fayau babu hannun birki. Haka ake son ya fito, domin rashin tarkace shi ne rabin kyan fiksi. Sai dai hoton bai faɗa maka abin da ke cikin kwali ba. Wani zai iso da birki biyu a ɗaure, wani da birki ɗaya a cikin leda sai ka ɗaura da kanka, wani kuma ba birkin, ba ma hudar da za a ɗaura shi. Duka ukun sunansu fiksi, kuma a hoto da wuya ka rabe su.

Fiksi keke ne mai giya ɗaya tak, wanda ƙaramin farantin haƙora na baya yake ɗaure gam a jikin hob, wato cibiyar wili inda wayoyinsa suke taruwa. Keken da aka saba da shi yana da firiwil, abin nan mai ƙarar ƙas-ƙas da ke barinka ka daina murza feda keken yana ta tafiyarsa. Fiksi ba shi da shi. Muddin tayar baya na juyawa to feda na juyawa, ka so ko ka ƙi. Ka murza da baya, keken ya ja da baya. Wannan shi ne daɗinsa, shi ne kuma ya sa wasu ke cewa ba ya buƙatar birki tunda ƙafa za ta iya tirje wa feda.

Maganar tana da tushe. Gidan fiksi na asali filin tsere ne mai zagaye da jirkitaccen daɓe, wanda a manyan gasanni tsawonsa mita 250 ne. A can ƙa'idar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta hana birki, kuma da dalili: kowa ɓangare ɗaya ya nufa, taya na bin taya kusa da kusa, wanda ya taka birki kwatsam sai ya zubar da duk na bayansa. Haka ma tseren keirin da aka fara a Japan a 1948. Daga baya masu kai saƙo a keke na birane irin su New York suka fito da waɗannan kekuna kan titi, kwalliyar ta bazu duniya. Abin da bai biyo su daga filin ba shi ne yanayin filin: can babu mota, babu mahaɗar hanya, babu yaron da zai ɓullo daga bayan bas.

Saboda haka kasuwa ta kasu. Kekunan da aka ƙera don titi, waɗanda su ne mafi yawa a hannun masu fara hawa, galibi suna zuwa da birkin gaba da na baya, ko da an cire su kafin ɗaukar hoto. Akwai na tsaka-tsaki, masu siffar keken fili amma an huda musu wurin birki, wani lokaci a gaba kaɗai. Irin waɗannan ne suka fi ruɗa mai saye, domin "yana da wurin ɗaura birki" daban, "yana zuwa da birki" daban, kuma tallar ba lallai ta bambance maka ba. Sannan akwai keken fili na gaskiya, wanda ba a yi shi da tunanin birki ba sam. In keken farko kake nema don titi, wannan na ukun ba naka ba ne, komai kyansa.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka biya, a rubuto maka amsar waɗannan: birki nawa ne a kwalin, ɗaya ko biyu? Hannayen birkin da wayoyinsu suna ciki, ko muƙamuƙin birkin kaɗai ne, wato ƙarfen da ke riƙe da robobin birki? Gefen rim ɗin, wato zoben ƙarfen wili da taya ke zaune a kai, an goge shi don birki? Hob ɗin fuska ɗaya ne ko biyu, kuma me aka ɗaura a kowace fuska? Fedojin suna da madaurin ƙafa? In amsar ta zo da kame-kame, nemi hoton kan fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe wilin gaba, daga gaba da kuma daga baya, kusa-kusa. Hudar birki ba ta ɓuya.

Ƙafa birki ce, amma rabin birki

Duk abin da ƙafarka za ta yi wa feda, tayar baya kaɗai yake shafa. Matsalar kuwa ita ce da zarar keke ya fara rage gudu, nauyin mahayi yana zubewa gaba, tayar gaba ta daɗa maƙale wa kwalta, ta baya ta yi sakayau. Taya mai sakayau ba ta riƙe ƙasa. Shi ya sa da ka ɗan matsa wa ta baya sai ta fara darzar ƙasa tana sulɓi, keken kuma yana ci gaba da tafiya.

A busasshiyar kwalta, birkin baya shi kaɗai yana ba da kusan rabin abin da na gaba ke bayarwa. In kana gudun kilomita 25 a awa, gwanin birkin gaba zai tsaya cikin kamar mita 5 daga inda birkin ya kama. Mai dogaro da tayar baya, ko da gwanin ne shi ma, yana buƙatar kamar mita 10. Bambancin nan tsawon mota guda ne. Kuma wannan lissafin na wanda ya iya ne. Sabon shiga, wanda cinyarsa ba ta saba da tirjiya ba, zai wuce haka nesa.

Sai kuma abin da masu yabon hawa babu birki ba su cika ambata ba: duk ikon da ƙafa ke da shi a kan taya ta kan kaca yake bi. Kaca ta zame daga faranti, ko ta tsinke, ko ƙaramin farantin ya kwance daga hob, ko ƙafa ta suɓuce daga feda, shi ke nan, babu sauran abin tsayawa. Waɗannan kuma sun fi faruwa daidai lokacin da aka fi tirjiya da ƙarfi, wato a gangara. Ga gajiya: ƙafar da ta kawo ka kilomita ashirin ita ce za ka nemi ta tsayar da kai a ƙarshen tafiya. Gwiwa ma tana biyan nata kason.

Doka a wurare da dama ta tsaya a kan wannan. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya ta Biyana ta 1968 ta ce keke ya kasance da birki mai aiki. A Birtaniya dokar 1983 ta nemi birki biyu masu zaman kansu, ta yarda a lissafa kafaffiyar tayar baya a matsayin ɗaya, saboda haka birkin gaba dole ne. A 2016 wani matashi a Landan ya buge wata mata da keken fili marar birkin gaba, ta rasu, kotu ta ɗaure shi wata 18 a 2017. Jamus ma birki biyu take nema, Japan kuwa, duk da ita ce gidan keirin, tana son birki a taya ta gaba da ta baya a kan titi. A Amurka kowace jiha da nata lafazin. Duba ta inda kake. Amma ko doka ta yi shiru, mita biyar ɗin nan ba su yi shiru ba.

Ko birkin zai hau keken?

A nan ne gizo ke saƙar, musamman ga wanda ya sayi keke babu birki da niyyar zai saka daga baya. Abu huɗu ne sai sun dace da juna.

Na farko huda. Dubi kan fok, wato inda ƙafafunsa biyu suka haɗu a saman tayar gaba. Ya kamata ka ga huda ta ratsa daga gaba zuwa baya. Ƙusar birkin kaurinta milimita 6 ne. A yawancin kekunan zamani bakin hudar na baya ya fi faɗi, milimita 8, domin notin dogo ne mai nutsewa ciki, ana ɗaure shi da alanki mai milimita 5. Tsofaffin firam faɗin hudarsu ɗaya ne gaba da baya, suna son birki mai doguwar ƙusa da noti a waje. Notin mai nutsewa yana zuwa tsayi-tsayi. Fok mai kaurin kai yana son dogo, kuma sai ya ci aƙalla juyi shida a jikin ƙusar kafin a ce ya ɗauru. In fok ɗin ba shi da huda, kada ka kai wa mai injin huda ya yi maka. Na kabon zai iya tsagewa, na ƙarfen fili kuma ƙafafunsa ba a yi su don jure fizgar birki ba. Ko ka canja fok ɗin ɗungurungum, ka tabbata kaurin wuyansa ya dace da firam, inci 1 ne ko inci 1 da 1/8, ko ka nemi birki mai maƙalawa a jikin fok ba tare da huda ba, irin wanda ake sa wa firam ɗin keirin don fita titi. Na farkon ya fi.

Na biyu tsawon muƙamuƙi. Ɗauki ma'auni ka auna daga tsakiyar hudar zuwa tsakiyar gefen rim inda roba za ta kama. Birki gajere yana kaiwa milimita 39 zuwa 49, matsakaici 47 zuwa 57, dogo kuma kusan 55 zuwa 73. Wanda ya yi gajarta robarsa taya za ta riƙa gurza maimakon rim, ta ci gefen tayar har ta fashe ana cikin tafiya. Wannan awon minti ɗaya ne, amma shi ne aka fi tsallakewa.

Na uku rim. Wilin fiksi da yawa rim ɗinsu mai zurfi ne, an shafe shi da fenti tun daga sama har ƙasa. Kyan ɗan maciji ke nan. Roba ba ta kama fenti yadda ya kamata, tana ihu, in kuma ruwa ya taɓa shi sai ka matse hannu ka ji kamar ba ka matse komai ba. Nemi rim mai gogaggen gefe, za ka ga zoben alminiyam tsirara mai ƙyalli ya zagaye shi. In dole wili ɗaya ne zai samu, to na gaba.

Na huɗu hannun birki. Miƙaƙƙen kan keke kaurinsa a wurin riƙo milimita 22.2 ne, lanƙwasasshe irin na tsere kuma 23.8, tsakiyarsu kusa da wuya tana iya zama 25.4 ko 26 ko 31.8. Hannun da bai dace ba ko ya ƙi shiga ko ya riƙa juyawa. Haka nan hannun da aka yi don birki mai siffar V na keken daji yana jan waya da yawa. In ka haɗa shi da birkin muƙamuƙi za ka ji shi da tauri kamar yana kamawa, alhali ƙarfinsa kaɗan ne. Ka sa hannun a inda hannunka yake zama kullum, ba inda ya fi kyan gani ba. A Birtaniya da Japan birkin gaba yana hannun dama, a Amurka da yawancin Turai yana hagu. Ka bi abin da hannunka ya riga ya saba.

In birkin a kwali ya zo, ɗaura shi ba wuya. Zura ƙusar ta gaba da wasarta mai haƙora, ɗaure notin sama-sama, matse muƙamuƙin da hannu a jikin rim don ya zauna tsakiya, sannan ka ƙarasa ɗaurewa. Robobin su zauna aƙalla milimita 1 ƙasa da bakin rim, kada su taɓa taya, kada su leƙa ƙasa. Bakin robar na gaba ya riga na baya taɓa rim da kamar rabin milimita, hakan ke kashe ihu. Ja wayar har tsakanin roba da rim ya rage milimita 2 kowane gefe, ɗaure ta, sannan ka matse hannun da iyakar ƙarfinka sau goma. Sabuwar waya tana saki. In hannun ya kai ga taɓa kan keken, sake ja.

Birkin baya fa? In a kafe za ka riƙa hawa, na gaba ya wadatar, in dokar inda kake ta yarda, tunda ƙafa tana riƙe da baya, ko da yake ga mai koyo barin biyun ba aibu ba ne. Amma yawancin kekunan masu farawa suna da hob mai fuska biyu: ɗaya kafaffen faranti, ɗaya firiwil, sai ka cire wilin ka juya shi. Da yawa ma a fuskar firiwil ake turo su, saboda haka kada ka yi mamaki in ka buɗe kwali ka ga fiksinka yana sakin feda. A fuskar firiwil ƙafa ba ta da iko ko kaɗan, birki biyu dole ne. Wanda ya cire na baya don kwalliya sannan ya juya wili, ya bar ransa a hannun waya ɗaya.

Haƙora nawa

Tunda giya ɗaya ce, zaɓenta ya shafi tsayawa kamar yadda ya shafi gudu. Raba haƙoran babban faranti da na ƙarami. Haƙora 46 a gaba da 16 a baya, wanda kekuna da yawa ke zuwa da shi, yana ba da 2.88, 48 da 16 yana ba da 3 daidai, 46 da 17 kuma 2.71. Ga mai farawa, tsakanin 2.6 da 2.8 ya fi. Da 46 da 17 a kan taya 700 mai faɗin milimita 25, kowane juyin feda mita 5.7 ne, in kana juyi 90 a minti kana kusan kilomita 31 a awa. Ya isa. Giya mai nauyi tana da wuyar tashi, ta fi wuyar tirjewa. Mai sauƙi kuma a gangara take karɓar bashinta: da haɗin 46 da 17, kilomita 50 a awa yana nufin ƙafarka na juyi kusan 146 a minti, kana tsalle a kan sirdi. A nan ne za ka gode wa birkin gaba.

Wani ɗan lissafi ga mai son koyon darza taya. Ƙafa wuri ɗaya take kafewa, saboda haka wuraren da tayar za ta ci ƙididdigaggu ne. Rage haɗin zuwa mafi ƙanƙanta, lamba ta biyu ita ce yawan wuraren. 48 da 16 ya koma 3 da 1, wuri ɗaya tak, tayar za ta huje a nan sauran jikinta sabo fil. 46 da 16 ya koma 23 da 8, wuri takwas. Da haƙora 17 a baya, wuri 17 ne da kusan kowane faranti. Shi ya sa ake son 17.

Girman firam kamar na kowane keken titi ne, bi jadawalin kamfanin da tsayinka. Abin da ya bambanta shi ne kwana. Ba ka iya ɗaga fedar ciki ka tsayar da ita, tana ci gaba da zagayawa, in ta daki ƙasa sai ta ɗaga tayar baya ta watsar da kai. Don haka ake son hannun feda gajere, milimita 165, da firam da gindin fedarsa ya ɗan yi sama. Tsohon keken titi da aka mayar fiksi da hannun feda 175 shi ya fi yawan wannan.

Zobe, kaca, madauri

Ƙaramin farantin murɗa shi ake yi a zaren hob ta hannun dama, kamar noti, murza feda gaba yana daɗa ɗaure shi, tirjiya kuma tana neman kwance shi. Abin da ke hana shi fita zoben kulle ne, wanda ke hawa kan wani ƙaramin mataki a bakin hob, zarensa kuma na hagu ne. In farantin ya nemi kwancewa sai ya daɗa matse zoben. Kada ka yarda cewa an ɗaure su sosai daga masana'anta. Shafa giris a zaren, ɗaure farantin da sufana mai kaca, ɗaure zoben da sufanarsa mai ƙugiya. Bayan hawan farko, musamman in ka hau tudu, farantin zai ƙara shiga ciki ya bar rata, sai ka sake matse zoben. In ka ji feda ta ɗan zame gaba ko baya kamar ta yi tuntuɓe, tsaya nan take. Wannan kai-komon ne ke cinye zaren hob na alminiyam, zaren da ya mutu kuwa sai sabon hob. In keken na hannu ne, wato wani ya riga ya yi amfani da shi, cire zoben ka duba matakin da idonka: wasu suna murɗa farantin a hob ɗin firiwil marar mataki, su liƙe shi da gam. Ka bar wannan keken ga mai shi.

Bakin firam inda wilin baya ke shiga ya zama doguwar tsaga a kwance, don a iya jan wili baya a ɗame kaca. Faɗinsa a firam ɗin fiksi milimita 120 ne. Da noti ake ɗaure wilin, sufana mai lamba 15, ba da maɗaurin nan da ake buɗewa da hannu ba tare da sufana ba. Babu farantin da yake da'ira cif, saboda haka juya feda a hankali ka nemo inda kacar ta fi ɗamewa, a nan za ka bar mata wasan kamar santimita 1 sama da ƙasa. Ta ɗame da yawa ta ci boris tana gurnani, ta saki da yawa ta faɗo, wani lokaci ta cushe tsakanin faranti da firam ta kulle taya. Tsaya bayan keken ka hango ta: ta tafi ɗoɗar daga faranti zuwa faranti, ba karkata. Kaca iri biyu ce, mai faɗin inci 1/8 da mai 3/32. Mai faɗin tana hawa siririn faranti, siririyar ba ta hawa mai kauri. Kuma in kana shafa mata mai, kada ka juya feda da tsumma a hannu kusa da haƙora. Wilin da ke juyawa ba ya tsayawa don yatsa ya shiga. Igiyar takalmi da bakin wando ma haka. Cusa ɗaya, naɗe ɗaya.

Madaurin ƙafa ba ado ba ne, ko keji da ɗamara, ko faffaɗan madauri, ko feda mai kama takalmi. Tirjiya aikin ƙafa biyu ne, ta baya tana dannawa, ta gaba tana ja sama, kuma ba ta ja sai da madauri. In ƙafa ta suɓuce ana gudu, fedar za ta riƙa dukan ƙwauri ba ta ba ka damar komawa. Masu farawa suna tsoron ɗaure ƙafa, alhali rashin ɗaurewar ya fi haɗari.

Ranar hawan farko nemi fili shimfiɗaɗɗe babu mota, ka ɗan sauke sirdi da milimita kaɗan. Cikin minti biyar za ka manta ka daina murzawa, fedar ta cilla ka sama. Saki gwiwa ka bi ta, kowa sai ya sha wannan. Daga nan koyi birkin gaba: ja duwawu baya, ƙarfafa hannaye a kan keken, matsa a hankali kana ƙarawa, ƙafa na ci gaba da zagaye. Masu kifewa ta gaba galibi hannunsu ne a sake, jiki ya zube kan keken. Ja layi a ƙasa, ka zo da gudu ɗaya ka tsaya da ƙafa kaɗai, ka sa alama, sannan ka sake da birkin gaba ka auna tsakanin alamun biyu da taku. A yashi ko jiƙaƙƙiyar hanya sassauta na gaba ka ƙara da ƙafa, domin tayar gaba in ta sulɓe ba ta dawowa. Kafin ka koma gida, fito da sufana ka sake bin zoben kulle, notocin wili da ƙusar wayar birki.